Ina neman bakaniken da zan riƙe a Kano, Corolla ta ta gaji da gwaji

Baban Walida:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen don ku gane inda yake yi min ciwo.

Shekara tara na yi a Kaduna da bakanike ɗaya, wani dattijo a wajen Kurmin Mashi. Tun ina jan tsohuwar Golf shi ke riƙe da ni, har Allah ya hore min Corolla ƙirar 2006, 'yar Amurka, mai giya otomatik, wadda aka shigo da ita ta Kwatano. Bawan Allahn nan in na kai masa mota sai ya ce in bar ta a kunne, ya buɗe bonet ya tsaya yana saurare kamar mai jin labaran rediyo, sannan ya ce in matsa gefe ya ja ta mu zaga. Ya sha ce min, "Malam tafi abinka, wannan ƙarar za ta kai ƙarshen wata, in an yi albashi ka dawo." Ban san a inuwa nake ba sai da aka yi min canjin wurin aiki zuwa Kano wata takwas da suka wuce.

Tun da sanyin bana ya shigo motar ta canza hali. Da asuba in na tayar da ita sai ta kama jijjiga a silo har madubin gefe yana rawa, in na tsaya a cunkoson Dangi sai ta yi kamar za ta mutu sai na ɗan taɓa totur. Wutar nan mai ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a dashbod. Ga shan mai ya ƙaru, kuma kun san tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba mai wasa da lita ɗaya. Abin mamaki in rana ta yi, inji ya ɗauki zafi, sai jijjigar ta ragu sosai.

Na farko da na kai wa yana kusa da ofishinmu. Ban gama bayani ba ya ce fulogi ne, aka sayo huɗu aka sa. Wutar ta ɗauke, na yi murna, bayan kwana biyu ta dawo. Daga baya wani direbanmu ya ce min kan batir kawai ya cire ya mayar, shi ya sa ta ɗauke. Na biyu abokin aiki ne ya haɗa mu, shi kuma ya rantse famfon mai ne ya yi sanyi, aka sayo na Beljiyam. Ba abin da ya canza. Na uku shi ne ya fi damuna, don maƙwabcina ne, sahu ɗaya muke sallar asuba, matarsa da tawa kullum suna tare. Ya wanke nozul, ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye don wai motar ƙasar sanyi ce, in kuma abin bai daina ba sai dai a sauke inji a yi ringi. Da na ji maganar sauke inji sai cikina ya ɗuri ruwa, na ce masa bari in yi shawara da aljihuna.

Zuwa yanzu abin da na kashe ya haura naira 120,000 kuma motar na nan jiya i yau. Har na yi tunanin in kora ta Kaduna wajen dattijona, to amma ba zai yiwu duk ƙarar da na ji in yi tafiyar sama da kilomita 200 ba.

Don Allah waɗanda suka daɗe da mota a garin nan, ta yaya ake gane bakaniken da ya san aiki kafin ya koyi aiki a kan motarka? In tafi manyan garejin nan masu rasit da ɗakin jira ne, ko in ci gaba da neman na bakin titi? Kuma kaya ni zan riƙa sayowa ko in ba da kuɗi? Sai ta ƙarshe, wadda ta fi nauyi a wajena: yaya zan janye motata daga hannun maƙwabcina ba tare da an ɓata ba?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Ni na yi shekara ashirin da shida a bakin sitiyari, yawanci Kano zuwa Legas, kafin gwiwa ta ce in zauna. Bari in faɗa maka abin da hanya ta koya min.

Kuskurenka na farko wajen tambaya ne. Ka tambayi abokin ofis, mutumin da shi ma ba ya buɗe bonet sai mota ta tsaya. Wanda ake tambaya shi ne wanda motar ce abincinsa. Ka je tashar Unguwa Uku ko Na'ibawa da hantsi, ka sami direbobin da ke jan irin motarka ko 'yan uwanta na Toyota, ka gaisa da su, ka tambayi mutum biyar a wurare daban-daban wa ke taɓa musu inji. Sunan da ka ji ya fito sau biyu ko uku, shi za ka bi. Direban haya in bakanike ya kwantar masa da mota kwana ɗaya a banza, ya yi asarar balas ɗin ranar, ba zai koma ba, kuma sai ya gaya wa duk tasha.

In ka je garejin kada ka ce komai tukuna, ka tsaya ka kalla. Waɗanne motoci ne a wurin? In ka ga Fijo, ga Benz, ga Golf, ga a-daidaita-sahu, ga injin nika duk mutum ɗaya ke fama da su, ka yi sallama ka wuce. Kowace mota da mutanenta. Mai Japan daban, mai Jamus daban. Sannan ka duba motocin da ke ajiye. In ka ga guda biyar sun yi ƙura, tayoyi sun sace, an ɗora su a kan duwatsu har kaji na ƙwai a ƙarƙashi, ka tambayi kanka yadda aka yi suka shigo da ƙafarsu suka kasa fita.

Ka kalli hannun yaran. In an kwance noti ana zuba shi a kwano ko a yar a ƙasa? Ana ɗaura sifana daidai da noti ko kuwa guduma da kurfi ake sa wa komai? Wanda ke zubar da noti a turɓaya, ranar haɗawa zai rasa biyu, ya ce maka dama ba su da amfani.

Kada kuma ka fara da babban aiki. Ka ba shi juyen baƙin mai ko canjin birki, ka zauna a benci ka ga yadda yake yi, ka ga ko zai ƙirƙiro maka wata cuta da ba ka zo da ita ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Duk abin da aka cire a motarka ka ce a sa maka a but. Famfon man da aka cire maka, yana ina? Ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau, kuma yanzu haka yana cikin motar wani.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka: ka san halin da indomin salansarka yake. Wannan abin mai kama da saƙar zuma da ke cikin tukunyar salansa akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa, shi ya sa ake farautarsa. Kada ka yarda a ce ya toshe a fasa a zubar ba a nuna maka hujja ba, kuma kada ka bar mota ta kwana a wurin da ba ka gama yarda da shi ba.

Maganar sauke inji kuwa, kul. Motar tana hayaƙi mai shuɗi? Tana shan baƙin mai har ka riƙa ƙari kafin lokacin juye? In ba ta yi, me ya kawo ringi?

Baban Walida:

Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ba ta hayaƙi, baƙin mai kuma daga juye zuwa juye ba na ƙara ko cokali. Famfon kuwa wallahi ban ma tambaya ba, kunya ta hana ni.

Bakanike Ne Ni:

Yallaɓai, ni sana'ata ake magana a kai, shekara sha tara ina cikinta, don haka bari in sa baki ko da za a ce na kare 'yan uwana. Abin da Baba direba ya faɗa gaskiya ne, amma ku ma masu mota akwai naku.

Mutum zai zo ya ce a duba masa mota. In na ɗauki awa biyu ina bin waya, ina gwada wannan ina cire wancan, na gano ƙaramin tiyo ne ya tsage, na ce ya ba da kuɗin aiki, sai ya ce, "A kan wannan ɗan robar?" Amma in na ce famfo ne, a sayo, zai ƙirgo kuɗi ba musu, har ya ƙara min da godiya. To ku ne kuka koya wa yara cewa bincike ba ya kawo abinci, canjin kaya ke kawowa. In kana son bakanike ya yi maka tunani, ka ce masa tun farko: kuɗin dubawa daban zan biya, ko an sami abin ko ba a canza komai ba. Ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Wanda ya san aiki zai ji daɗi. Wanda bai sani ba zai fara kame-kame, don ba shi da abin sayarwa sai canji.

Tambayar da za ka riƙa yi kuma ita ce, "Me ka gani da ya nuna maka shi ne?" Famfon mai ana auna ƙarfinsa da geji kafin a yanke masa hukunci. Fulogi ana cirowa a kalli bakinsa. Inji kafin a ce ringi ana auna matsin kowace silinda. In amsar mutum ita ce "haka suke yi", bai duba ba.

Batun kaya. Iri uku ne a kasuwa: sabo na asali, na Beljiyam wato wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a waje, da sabo na kwaikwayo mai kwali mai ƙyalli. Na ukun nan shi ke haɗa mu faɗa da mutane. Mai mota ya je shi kaɗai ya sayo mafi araha, a sa, bayan sati biyu ya mutu, ya ce bakanike ya cuce shi. Araha ba ta ado. Shawarata ka ɗauki bakaniken ko babban yaronsa ku tafi Ƙofar Ruwa tare, shi ya zaɓa, kai ka biya da hannunka, a rubuta maka rasit, kuma a yi magana a gabanka cewa in bai yi ba za a dawo da shi cikin kwana kaza. Ba zan ɓoye maka ba, akwai ɗan abin da mai shago kan ba bakaniken da ya kawo ciniki. In ka biya kuɗin aiki da mutunci ba zai dame ka ba. Abin da ba a sayen na hannu: birki, bel, filta, gaskit. Waɗannan sabo mai kyau ko a haƙura.

Ka kuma lura da wanda ke iya cewa "wannan ba aikina ba ne". Ni inji da ƙafa na sani. In matsalar waya ce ina tura mutum wajen rewaya, in giya ce akwai wanda nake kira, jiki kuma na fanel bita ne. Giyar motarka ma tun da otomatik ce, manta Type T-IV ne, an rubuta a jikin sandar gwajin man ko a littafinta. Kada wani ya zuba maka duk jan man da ya samu a bakin titi.

Sannan ka tambaya ko garejin yana ƙarƙashin ƙungiya. Yawancin manyan wuraren kanikawa akwai shugabanci, da yawa suna cikin NATA, ƙungiyar kanikawa ta ƙasa. In rigima ta taso akwai wanda za ka kai wa ƙara, ba kamar wanda ya kafa rumfa shi kaɗai a lungu ba, gobe ka zo ka tarar da mai shayi a wurin.

Na Rijiyar Zaki:

Ni dai maganar cire tamostat ina bayan maƙwabcin nan naka. Tawa an cire shekara biyar ke nan, fanka na juyawa tun daga kunna makulli, ban taɓa tafasa ba ko a zafin Afrilu. Turawa don ƙanƙararsu suka sa shi.

Bakanike Ne Ni:

Ɗan uwa, rashin tafasa ba shi ne lafiya ba. Tamostat ɗin waɗannan injinan yana buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa ya kai inji zafin da aka gina shi a kai da wuri, ya riƙe shi a nan. In ka cire, da safe inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar na ganin har yanzu da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai. Kai ke biya a gidan mai ba ka sani ba. Motocin Toyota da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, ko can ma ƙanƙara ake yi? Mota in tana zafi a nemi dalili: lagireto ya toshe saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya saki, ko fanka ba ta tashi, ko tamostat ɗin ne ya maƙale a sa sabo. Balle shi Yallaɓai motarsa ba zafi take ba, jijjiga take da sanyin safiya. A cire mata tamostat a ƙara mata sanyi ke nan.

Maman Sadik:

Malam, ni tun da maigidana ya rasu ni ke kai motata gareji da kaina, kuma ka san mace in ta shiga wurin nan kallon kuɗi ake mata. Abin da ya cece ni littafi ne ɗan ƙarami na 'yan makaranta da nake ajiyewa a aljihun dashbod. Duk abin da aka yi ina rubuta rana, da lambar kilomita, da abin da aka canza, da kuɗin. Akwai ranar da wani ya ce min shokazoba ta gaba ta mutu, na buɗe littafi na nuna masa wata huɗu ke nan da shi da kansa ya sa ta. Sai ya ce ai ta baya yake nufi.

Kafin in bar mota ina ɗaukar hoton dashbod da wayata a gabansu, man da ke ciki da kilomita duk su fito. Ba don zargi ba, amma tun da na fara haka aka daina zuwa sayen abinci da motata.

Manyan garejin da ka tambaya na gwada ɗaya. Akwai rasit, akwai sanyi, an ba ni ruwan roba. Aikinsu bai yi laifi ba, sai dai wanda na yi wa bayani a tebur daban, wanda ya taɓa motar daban, ban ko ga fuskarsa ba, kuɗin kuma ya ninka. Na koma wajen mai rumfar kwano da zan iya tsayawa a kansa in yi tambaya. Amma sabis na giya can nake kaiwa har yanzu, don na ga suna da kayan aikin.

Ɗan Poli:

Kawu, duk an yi maganar mutane, ni bari in yi ta na'ura. Tunda motarka 'yar Amurka ce, tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari wajen gwiwarka ta hagu. Tun daga 1996 doka ta sa duk motar da za a sayar a can sai da ita. Nan ake soka abin da kanikawa ke kira kwamfuta. Wutar da ta kama maka tana nufin motar ta riga ta ajiye lambar abin da ke damunta, mutum uku sun taɓa ta ba wanda ya tambaye ta.

Akwai ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, kuɗinta bai kai na fulogin da ka saya ba. Amma ka sani lambar ba ta cewa "canza kaza". Misali P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, ko fulogi ne, ko koyil, ko nozul, sai an bincika. P0171 kuma tana nufin iska ta yi wa mai yawa. Masu kwamfuta da yawa suna karanta lamba su goge, su karɓi kuɗi, shi ke nan. Ka ce a nuna maka lambar ka rubuta da hannunka kafin a goge. Yadda ka kwatanta, da safe tsanani, da rana sauƙi, ina zargin iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Injin wannan ƙirar, 1ZZ, an san shi da sakin gaskit ɗin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, in ya tsufa, roba ce, sanyi na sa ta ƙanƙance. Zargi ne dai, a duba.

Tsohon Direba:

Yaron nan ya yi magana. Saura ta maƙwabci, wadda kowa ya tsallake. Ƙanena, kada ka ce masa aikinsa bai yi ba, kuma kada ka yi masa ƙarya. Ka ce za ka kai a sa mata kwamfuta kafin a kai ga sauke inji, ai shi ma ya san kuɗin sauke inji ba wasa ba ne. In ya so ka riƙa ba shi juyen mai da ƙananan abubuwa, kai ka sayo manka da filta. Kuma ka gaya wa uwargida kada zancen mota ya shiga hirarsu ta tsakar gida, don daga can wuta ke tashi.

Baban Walida:

Jama'a na dawo da bayani, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ranar Asabar na je Unguwa Uku kamar yadda Baba ya ce. Na tambayi direba shida, uku suka ambaci mutum ɗaya, har ɗaya ya ce, "Sai dai fa ba ya sauri, kuma ba ya son a tsaya masa a ka da surutu." Na je. Rumfar kwano ce, motoci bakwai na ƙirga, shida Toyota ɗaya Honda. Na ce masa zan biya kuɗin dubawa daban, ya ɗago ya kalle ni ya ce wa ya koya min wannan.

Ya ƙi taɓa ta a ranar. Ya ce tunda da sanyi take yi, in kawo ta Lahadi da daddare ta kwana, ko in zo da sassafe in jira ta huce. Na tuna maganar indomi, na zaɓi jira. Litinin bayan asuba na kai ta, muka zauna muka sha shayi wajen awa biyu, na makara a ofis. Ya soka kwamfuta, P0171 ta fito, na rubuta a sabon littafina irin na Maman Sadik. Ya tayar da ita, ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireto yana fesawa kaɗan-kaɗan a gefen manifol, da ya zo wani wuri sai muryar injin ta canza, ni kaina na ji. Ya maimaita sau biyu don in tabbatar. Ɗan Poli, gaskit ɗin ne. Da aka ciro shi ya bushe ya lanƙwashe kamar tsohon silifa.

Ni da yaronsa muka je Ƙofar Ruwa muka sayo sabo. Da kaya da aiki da kuɗin dubawa duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na zubar a baya ba. Yau kwana tara, wuta ba ta dawo ba, da asuba tana tsayawa a silo shiru. Ya ce bushin ɗin ƙafar gaba na dama ya fara tsagewa amma zai kai bayan sallah, kada in taɓa yanzu. Da ya faɗi haka sai da na tuna dattijona na Kurmin Mashi, na kira shi a hanya muka gaisa.

Famfona na asali na koma nema, aka ce yaro ya tafi da shi gida, yaron kuma ya tafi ƙauye.

Maƙwabcina kuwa na bi shawarar Baba. Jiya bayan isha'i ya tsaya ya saurari motar, ya ce ai dama ya faɗa wankin nozul sai an kwana biyu yake nuna aikinsa. Na ce haka ne. Juyen mai na gaba saura kilomita 800, kuma ya riga ya tuna min sau biyu.